Kawu da Jan Layinsa

Ƙanen mahaifiyata malamin lissafi ne a makarantar sakandare, shekara talatin da ɗaya yana shan ƙurar alli. Ɗalibai sun laƙaba masa Saura Ƙiris, don kullum maganarsa ke nan: saura ƙiris kwamfuta ta fi mutum ƙwaƙwalwa.

A bangon falonsa akwai wata faffaɗar takarda da ya ja wa jan layi mai hawa sama. Duk lokacin da aka fito da sabuwar na'ura mai tunani, sai ya ɗiga mata ɗigo. Yakan ce mana ranar da na'ura ta fara ƙera wadda ta fi ta, lissafi ya ƙare, ba wanda ya san abin da zai biyo baya. Mu dai dariya muke yi. Matarsa, wadda muke kira Anti, ita kaɗai ke zama ta saurare shi tana ɗinkinta.

Wata shekara Anti ta fara laluben ramin allura. Likita ya duba, ya ce ciwon yana cin jijiyar idon a hankali, a yi aiki tun da wuri.

Kawu ya dawo gida ya tsaya gaban takardarsa. "Hannun mutum rawa yake yi," in ji shi. "Ki ba ni shekara uku. Na'ura za ta yi miki shi ba kuskure."

"Ka tabbata, Malam?"

"Kin taɓa ganin lissafina ya faɗi?"

Ta ci gaba da ɗiga magani a ido. Mahaifiyata ta zo ta yi faɗa har muryarta ta dushe, bai ji ba.

Kafin shekara biyu idon hagu ya tafi, na dama ya bi shi. Da suka koma asibiti, likita ya ce abin da ya mutu ba ya dawowa.

Kawu ya ajiye aiki. Ya koyi girki da guga, ya koyi tsefe mata kai. Anti ba ta taɓa goranta masa ba, ina ga wannan ya fi yi masa ciwo.

Kwanaki na je gaishe su, na tarar yana yanke mata farce a tsakar gida, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗora yatsa a baki, kada in faɗa mata.

"Malam, na ji ka yi shiru," in ji Anti. "Wa ya shigo?"