Takardar Takalmin Yaya Tela

Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗinka takalma a ɗan ɗakin da ke bayan asibitin unguwarmu, tsakanin sito da wurin wanki. Ba takalman gayu ba ne. Na masu ciwon sukari ne, da waɗanda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da tsofaffin da yatsunsu suka hau juna. Ba na yanka fata sai da takarda. Likitan iyali ne ke duba ƙafa, ya rubuta irin takalmin, ya sa hannu ya buga hatimi, sannan sito su ba ni kaya. Haka na tarar, haka nake yi. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma zancen Yaya Tela ya tsaya mini a wuya, gara in rubuta shi.

Shagonta yana kan titin da nake bi zuwa aiki. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya, benci, da keken ɗinki na ƙafa wanda fentinsa ya goge a inda take ɗora hannu. Kowa Yaya yake ce mata, har da ni da na girme ta da shekara biyu. Tana da shekara goma sha bakwai iyayensu suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, suka bar mata ƙane ɗan shekara shida. Dangi suka ce a raba su, ta ce ba ta san zancen ba. Ta hau keken mahaifiyarsu ta fara ɗinka kayan makaranta. Ta yi aure sau ɗaya, mijin ya ce ba zai riƙe ƙanen mata ba, ta kwashe kayanta ta dawo. Ba ta haihu ba. Ba takalmi take taka keken nan, wai ƙafa ce ke jin inda zare zai tsinke kafin ido ya gani. Da ƙafar dama ta yi wannan aiki shekara arba'in, har ƙanen ya zama likita, aka kawo shi asibitinmu, ɗaki na uku. Mu muna ce masa Likita. Ita Auta take kiransa, ko a gaban marasa lafiya.

Sukari ya kama ta tana da hamsin da ɗoriya. Mutumin kirki ne ƙanen, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma akwai ƙa'ida, a manne take a bangon kowane ɗaki: likita ba ya rubuta wa kansa ko iyalinsa magani ko kayan jinya. Uwa, uba, mata, ɗa, ɗan'uwa, duk suna ciki. Don haka ya kai katinta ɗaki na biyu, wurin abokiyar aikinsa da muke kira Doguwa. Sau ɗaya Yaya ta shiga ɗakin, aka rubuta mata ƙwayoyi, daga nan ba ta ƙara komawa ba.

Wata Talata da hantsi sai ga ta a ƙofar ɗakina, tana ɗan ɗingishi.

"Baduku, kana nan kana cin albashin banza?"

"Ina nan, Yaya. Ke ma kina nan kina gajarta wa mutane wando?"

Ta zauna a kujerar awo ba tare da na ce ta zauna ba, ta zare silifas. Ta ce an ce ina yin takalmi mai laushi, shi take so, don kwana biyu ƙafar tana ɓata mata tabarma. Na ɗaga ƙafar, ta dama ce. A ƙarƙashin babban yatsa akwai rami kamar bakin kwalba, gefensa ya yi fari. Na danna kusa da shi, ko motsi ba ta yi ba.

"Ba zafi?"

"Ko kaɗan. Allura na taka, sai da na ga jini a ƙasa na sani."

Rashin zafin nan shi ne abin tsoro, na sha gani. Na ce mata takalmi zan yi, amma ciwon yana son wanki da magani yau ɗin nan, kuma sai ta kawo mini takarda.

"Takarda? Ai mai takardar ni na yi masa wanka. Taso mu je."

Na bi ta, don ban yarda da tafiyarta ba. Ta tura ƙofar ɗaki na uku, na tsaya a bakin ƙofa. Likita ya miƙe tsaye kamar yadda yake yi kullum in ta shigo.

"Auta, rubuta wa Baduku takarda ya yi mini takalmi."

"Yaya, kin san ba ni da ikon rubuta miki. Bari in kai ki wurin Doguwa yanzu, ba layi."

"Ni ba wurin Doguwa na zo ba."

"Doka ce, Yaya. In na rubuta, sito ba za su karɓa ba, sunanmu ɗaya a kati. Kuma za a iya karɓe mini lasisi."

"Lasisin da wa ya ɗinka?"

Ta ce hannun da yake riƙe biro da shi ita ta koya masa riƙe fensir. Ta ce ta yi shekara arba'in tana taka keke don kada wata rana ta buɗe jikinta a gaban bare, yau ga shi da kansa yana miƙa ta ga bare. Ba ta ɗaga murya ba. Shi kuwa sai bayani yake yi, cewa an yi dokar ne don likita ba ya ganin daidai a jikin nasa, tausayi yana rufe masa ido. Maganarsa gaskiya ce. Ta bari ya gama, ta gyara mayafi ta fita.

Ga inda nake ganin laifinsa, kuma na faɗa masa daga baya. Doka ta hana shi rubutawa, ba ta hana shi dubawa ba. Da ya zagayo teburin nan ya durƙusa ya zare silifas ɗin, da ya ga abin da na gani, da ko ɗaukarta ne ya ɗauke ta zuwa ɗaki na biyu. Bai yi ba. Wadda ta goya ka, ba ka saba ce mata ta miƙo ƙafa ba. Ya tsaya a bayan tebur yana magana, ƙafar tana ƙarƙashin zane.

Na gaya masa girman ramin a ranar. Hankalinsa ya tashi, ya roƙi Doguwa ta je shagon da kanta. Ta je da jakarta. Yaya ta tarbe ta da fara'a, ta ba ta ruwa, ta ce wannan rigar wa ya ɗinka miki, ya cuce ki a kafaɗa. Kafin Doguwa ta ankara an auna ta, an zaɓa mata yadi. Ƙafa kuwa tana naɗe a ƙarƙashin keke. "Ta warke, 'yata, ƙanena ne mai rigima." Sau biyu ana haka. Shi kuma in ya je sai ta ce ya ci abinci, in ya tayar da zancen sai ta ce, "Ka zo da biro?"

Nawa laifin ga shi. Ina da ragowar fata da soso a ƙarƙashin tebur, waɗanda ba ruwan sito da su. Kwana biyu ya ishe ni in haɗa mata abin da zai ɗauke nauyi daga kan ciwon, kuma da na je gwaji da na riƙa ganin ƙafar. Ni Baduku ne, ba ta jin kunyata. Amma ban taɓa yin takalmi ba takarda ba, ina kuma taƙama da hakan. Na ce bari su shirya tsakaninsu, ai 'yan'uwa ne. Kullum ina wucewa ina jin ƙarar keke, ina ce wa kaina mai ciwo ba ya taka keke haka.

Mako biyar na yi ina wannan lissafin wofi. Ran da na daina jin ƙarar, na ɗauki kwali da fensir na awon ƙafa, na shiga shagon. Ban kai ga benci ba wari ya gaya mini. Tana zaune jingine da bango, jiki zafi, yatsan ya yi baƙi har ya haura. Ta dube ni ta ce, "Baduku, ka makara, ko?" Na tare mota, na ɗauke ta da hannuna.

A babban asibiti suka yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa kaɗan. Kafin a shiga da ita sai da aka nemi ɗan'uwa na kusa ya sa hannu, don zazzaɓi ya ɗauke mata hankali. Wannan takardar doka ta ba shi ikon sa mata hannu. Ina tsaye ya sa. Biron ya faɗi sau biyu.

Bayan wata biyu takarda ta iso ɗakina daga ɗaki na biyu, da hatimi da komai daidai: takalmi mai laushi, ƙafar hagu, guda ɗaya. Na yi shi cikin kwana ɗaya. Ban taɓa yin mai kyansa ba, kuma bai biya wa kowa buƙata ba.

Yanzu Likita yana biyawa ta shagon kowace safiya kafin aiki. Yana zuwa da roba da ruwan ɗumi, ya durƙusa, ya wanke ƙafar da ta rage, ya buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya shafa mai. Ita tana kallon titi. Ba ta hana shi. Ya sayo mata injin lantarki da ake ɗaura wa keke, yana nan cikin kwalinsa a bayan ƙofa.

Ran da na kai mata takalmin, na sa mata, na ɗaure, na ce ta gwada taka keken da hagu, wasu suna iyawa. Ta ɗora ƙafar, ta taka sau uku, keken ya juya baya, zare ya cukurkuɗe. Ta zare ƙafar a hankali.

"Ba ta san hanya ba," in ji ta.

Ta daɗe tana kallon keken. Sannan ta ce in sunkuya in cire igiyar da ke juya shi.

"Fata ce mai kyau, Baduku, ba irin ta yanzu ba. Kai ta ɗakinka, ka yi wa wani maɗauri da ita."

Na ce ta bari tukuna, ba a san gaba ba.

"Cire," in ji ta.

Na cire.