Ni Na Kai Aminina Babban Tebur a Shagari

A shekarun da nake ba ku labari ni dillalin albasa ne a kasuwar Bodinga, kuma ɗan caca, ko da yake wanda ya gan ni a sahun gaba a masallaci ba zai taɓa zato ba. Karta muke bugawa, irin wadda ake kira foka, a bayan wani shagon cajin waya. Na daɗe a cikinta har na san abin da sababbin shiga ba su sani ba, wato sa'a zuwa take yi ta tafi. Gwani ma yakan yi makonni yana faɗuwa, mai ƙaramin jari kuwa yakan ƙare tun kafin ta juyo.

Ina da amini, manomin fadama a Danchadi, tare muka yi karatun allo. Ni na koya masa karta. A ƙaramin tebur ya fara, inda abin da ake zubawa bai wuce kuɗin shayi ba, sai kuwa sa'a ta riƙa zo masa. Ya ci, ya sake ci, har tafiyarsa ta canza. Wata rana ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, ko ya isa ya hau babban teburin da ake yi a gidan wani mai shanu a Shagari. Na san bai isa ba, don fuskarsa tana tona duk abin da ke hannunsa. Amma mai gidan yana ba ni kaso a kan duk wanda na kawo, sai na ce masa irinsa ɓata lokaci yake yi a cikin yara.

Zaman farko ya ɗan samu. Daga nan karta ta juya masa baya. Ya so ya koma ƙaramin tebur, na ce ai faɗuwar nan alama ce ci na tafe, wanda ya tashi yanzu wani ne zai kwashe rabonsa. Ya fitar da albasar da ya adana a rudu, wato rumbun albasa, tun ba ta yi tsada ba, ni na yi dillancin, na kuma cire la'adata. Ranar da ya sa injin ban-ruwansa a caca ina zaune a teburin. Na ga a idonsa hannuna ya fi nasa, ban kuwa ajiye kartata na janye ba. Ni na ci injin. Bai yi mini magana mai zafi ba. Shi ya taya ni ɗora shi a keke, har ya nuna mini yadda ake lallaɓa shi idan ya ƙi tashi.

Fadamarsa ta bushe a ranin nan. Matarsa ta koma gidansu, shi kuma ya tafi cirani Kudu da kuɗin motar da na ba shi daga cinikin injin. Har yau bai dawo ba. Bayan an kwana biyu mahaifiyarsa ta tare ni a kasuwa, ta miƙo mini ƙwan zabi a ƙwarya ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Kowa ya gudu ya bar shi, kai ɗai ka tsaya mai." Na ce amin, Inna. Na karɓa, na kai gida aka soya.

Na bar caca, amma ban iya gaya wa tsohuwar nan gaskiya ba har ta rasu. 'Yan'uwa, cin 'yan kwanaki ba gwaninta ba ne, kuma ƙaramin teburin shi ne ƙofar babba, kada ku zauna ko a kansa. In wani ya dafa kafaɗarka ya ce ka isa ka ƙara zubi, ka san akwai abin da zai samu ranar da ka faɗi.