Na Ce wa 'Yata ta Fari Babu Gyara

Ni tsohuwa ce a Sabon Gari. Ban taɓa shiga aji ba, autata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. A shekarun da zan ba ku labari, ni ce matar da yaran layinmu ke rage gudu idan sun zo ƙofarta. Ba ni da yawan magana, amma ba abin da ke wuce idona. 'Yata ta fari malama ce a jami'a a Samaru. Kamar yadda muka tarar iyayenmu na yi da ɗan fari, ban taɓa kama sunanta ba, ba na kuma zaman hira da ita. A hannun mahaifiyata ta tashi, Yaya take ce mini, ni kuma in zancenta ya taso sai in ce ta Samaru. Duk saƙon da ke tsakaninmu ta bakin auta yake bi.

Ta bakin autar ne ma ta roƙe ni aikin. Wai tana koya wa ɗalibai su rubuta abin kimiyya yadda mai talla da mai faskare za su gane, amma ta rasa yadda za ta nuna musu ba a gane su, tunda junansu suke karanta wa suna gyaɗa kai. Tana so su riƙa zuwa suna karanta mini. In na gane ta karɓa, in ban gane ba su koma su sake. Na ce to, ba don raina ya so ba.

Haka kowace Asabar tawa ta tafi. Su cika mini tsakar gida da takalma da ƙamshin turare, wannan ya karanta yadda gyaɗa mai fumfuna ke lalata hanta, waccan ta karanta abin da ya sa ake tafasa ruwan rijiya ko da ya yi garau. Da sun sako Turanci sai in tambaye su ko da iyayensu ma haka suke magana. Wani dogo ya daɗe yana zuba bayani a kan taki, na bar shi ya gama, na tambaye shi to yanzu in zuba ne ko kar in zuba. Ya tsaya yana duban takarda, abokansa suka ce ai shi ma gobe zai tambayo. Na san a bayan idona Hajiya Maimaita suke ce mini. Malamarsu kuwa tana zaune can ƙofar ɗakin auta, ba ta sa baki, ni ma ba na duban wajen. In sun watse kaina ya yi ta sara har magariba.

Wata rana da hantsi ta Samaru ta zo ita kaɗai, ba ranar karatu ba. Tun daga zaure na lura ta sauya wa jakarta kafaɗa, zobenta ya koma yatsan tsakiya, ba ta kuma ɗaga hannun hagu. Ta zauna a tabarmar ɗalibai, ta ce tana da takarda da take so a saurara, a gaya mata ko bayanin ya fita. A kan ciwon dajin mama ne. Ta karanta cewa jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne da ke haihuwa su mutu bisa tsari, sai wasu su ƙi tsayawa, su taru su zama ƙullutu. Ba jifa ba ne, ba laifin kowa ba ne, ba a ɗaukarsa daga mai shi. Ta faɗi yadda ake yankewa, da ƙarin ruwan maganin da ke zubar da gashi, da yadda mai jinya ke son wanda zai zauna kusa da ita ko ba zai ce komai ba. Ko kalmar Turanci ɗaya babu.

Kafin ta kai rabi na san labarin wa ake ba ni. Ta ninke takardar ta jira. Wallahi maganar tana bakina, amma harshen da bai saba ba ya ƙi juyawa, sai na ji ina ce mata na gane, babu gyara. Ta tambaya ko akwai wurin da nake so a ƙara bayani. Na ce babu. Na ƙwala wa auta kira ta dama mata fura.

Da aka kwantar da ita a asibiti kullum ni ke girka abin da za ta ci, auta ta kai. Na yi azumi, na yi sadaka. In na je asibiti sai in tsaya daga ƙofa in gaida masu jinya, in saci kallonta, in juya. Ina ce wa kaina in ta dawo gida zan zauna da ita. Ba ta dawo ba. Bayan an share makoki auta ta gaya mini cewa yayarta ta sha tambayar ta ko Yaya ta gane takardar nan kuwa. Wai daga baya yayar ta yanke wa kanta cewa ita ce ba ta rubuta da kyau ba, da ta fito da maganar fili da na yi magana.

Malamin da ya gaje ta ya aiko ko za a ci gaba da kawo ɗalibai. Na ce ya nemi wata, ni na gaji.

Ba na zagin kunyar ɗan fari, a cikinta aka raine mu. Amma ni na riƙe ta har inda ba ta da amfani, na bar baiwar Allah ta tafi tana zargin hannunta. Iyaye mata irina, ku ji tsoron wannan shirun. Tuwon da kike aikawa ba ya faɗar abin da ke ranki, mai ciwo kuma ba ta jin addu'ar da kike yi a ɗaki. In naki ya zo ya zauna a gabanki yana kewaye-kewaye, ki ɗaga ido ki dube shi, ki tambaye shi ko shi ne. Abin da tawa ta zauna jira ke nan a kan tabarma.