Sunan Ƙauyen da Ya Kusa Kayar da Ɗan Ƙanena

Ina Withington a Manchester, wajen ɗiyata likita, ɗan ƙanena ya kira ni daga Birmingham da safiyar wata Juma'a. Ƙarfe huɗu na ranar za a rufe karɓar kundin digirinsa na uku, bizarsa kuma saura kwanaki ta ƙare. Malamar da ke duba aikin ta dawo masa da shi, ta ce ba za ta sa hannu ba.

Na hau jirgin ƙasa, na same shi a ɗakinsa a unguwar Aston, takardu barbaje har kan darduma.

Aikin nasa a kan cinikin gyaɗa ne, ya kuma jingina da wani Bature masanin tarihin tattalin arziki da ya daɗe da rasuwa. Ko'ina ya ambace shi, sai ya rubuta Farfesa da sunansa na yanka, yadda muke girmama malami a gida. Haka ya yi wa sauran marubutan, ya jera su da sunayen yanka. Malamar ta ce masu jarrabawa ba za su gane kowa ba.

Na ce masa a nan sunan dangi kaɗai ake kira. Na wannan masanin ma sunan wani ƙauye ne, ma'anarsa gida a kan tudu.

"Baffa, in kira shi da ƙauyensu tsirara, kamar ɗan kamasho a tasha?"

Na gaya masa a Khartum na ga ana haɗa mutum da ubansa da kakansa, a Jakarta na zauna da masu suna ɗaya tak. Turawa kuwa, idan suka bar malami da sunan dangi kawai, ya kai ke nan.

Bai gamsu ba, amma agogo ya fi ni iya magana. Ina karanto sunaye, yana gyarawa. Sallar Juma'a ta wuce mu, muka yi azahar a tsaitsaye. Muka tura wa malamar, uku da rabi ta amsa da kalma ɗaya, ta yarda.

Saura shafin farko, inda aka nemi sunan danginsa. Ba mu da shi. Sunan garinmu ne hedimasta ya liƙa masa a firamare.

Ya dube ni. Na ce ya rubuta, wata rana da shi za su kira shi.

Ya tura kundin, saura minti tara.