Haruffa Uku na Inna

Inna tana sayar da bandar kifi a kasuwar Wara, tana naɗe wa masu saye cikin tsofaffin jaridun Turanci. Ba ta taɓa damuwa da boko ba. Ni ma da aka kai ni makarantar horon malamai a Yauri, addu'a kawai ta bi ni da ita.

Wata rana maƙwabciyarmu, Bakambara mai zuwa coci, ta ɗaga jaridar da aka naɗe mata kifi, ta ce ga sunan Allah nan da Turanci. Inna kuwa ko guntuwar takardar Larabci ta gani a ƙasa sai ta ɗauke. Ranar ba ta iya cin abinci ba, tana tuna shekarun da ta yi tana shafa wa sunan man kifi.

Da na zo hutu ta zaunar da ni.

"Ɗiyata, gwada min wanga suna. Shi kaɗai nika so."

Na rubuta mata God da gawayi a jikin bango. Kullum bayan asuba takan yi bismilla ta bi haruffan da yatsa. Cikin mako guda ta fara tambayar wasu kalmomin. Ta ce ashe Turanci ma ya san Ubangiji, to bari ta san shi.

Ran kasuwa na iske ta ware jaridu tuli guda, ta ce duk da sunan a ciki. Na duba, sai ga good, good, har da goods. Ni kuma lokacin kaina ya kumbura da boko. Na tuntsire da dariya gaban masu kwalekwale, na fassara musu, su ma suka dara.

Inna ta tattara takardunta a hankali.

"Na ɗauka shi na. Ashe idona bai isa ba."

Ba ta ƙara komawa bangon ba. Na yi ta lallashi, sai ta ce karatun na yara ne. Tunda ta daina yarda da idonta, duk takardar Turanci da ta gani a hanya sai ta duƙa ta ɗauka, ko ta sabulu ce. Haka ta yi ta duƙawa har bayanta ya ƙi, har ta rasu.

Abin yana ci na har yau. Harafi ɗaya ne bambancin, kuma da na nuna mata shi a ɗaki, da kafin hantsi ta gane.