Injin da Dudu Ya Bayar Aro

Shekara ashirin Sallau ya yi yana ɗaure jirage a bakin ruwan Yelwa. Bai san bihim ba, amma da inji ya yi ƙara daga nesa zai gaya maka jirgin wane ne, da ko lodi ya yi masa yawa.

Shekarar da aka turo Malam Usman daga Sakkwato don ya riƙa rubuta jirage, wata ranar kasuwa jirgin Dudu bai iso daga Warra ba. Azahar ta gota, iska ta taso. Mutum talatin jirgin ke ɗauka, kuma Hansatu, ƙanwar Sallau, tana ciki. Man da ke kwalekwalen nema na zuwa ɗaya ne tak.

Malam Usman ya buɗe littafi. "Tsawo ƙafa arba'in, inji mai doki arba'in. Da wannan ƙarfin ya daɗe da wuce tsibirin Tamada. A bi gaɓar nan kusa."

"Malam, wane inji?" in ji Sallau.

"Ga shi a rubuce."

"Rubutu ke tura jirgi? Babban yana wurin surukinsa, ya are shi don kai kayan amarya. Mai doki sha biyar Dudu ya ɗaura. Ran Talata da kunnena na ji tarinsa."

"To, me ya hana shi sanar da ofis?"

"Wa ke kai rahoton aro tsakanin surukai?"

Malam Usman ya shiga bayanin doka. Sallau ya dubi ruwa, ya dubi bakin Malam da ke motsi, ya yi tsaki. Ya kwance igiya ya tayar da inji. Malam ya faɗo ciki rungume da littafinsa, yana ta "ba haka ake yi ba."

A bayan tsibirin suka same su. Dudu ya raɓe don gudun iska, farfelar inji ta bugi kututturen da tafki ya haɗiye, ta karye. Fasinja na zaune kan yashi.

"Yaya, sai yanzu?" in ji Hansatu. "Tattasaina duk ya yi yaushi!"

Sallau ya ɗaura igiyar ja.

A hanyar dawowa Malam Usman ya zaro alƙalami zai soke arba'in.

"Kada ka ɓata tawada, Malam," in ji Sallau. "Jibi za a maido babban."