Tayar Gaba

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani ƙaramin filin jirgi a Bauchi, kuma surukina ne shugabana. Shi ya samo mini aikin, shi ya ba ni 'yarsa, to ta ina zan ɗaga ido in kalle shi? Ko ruwa ba na sha a gabansa.

Akwai wani ɗan jirgi mai kujera shida da ke zuwa mana jefi-jefi. Matuƙinsa ɗan Kudu ne mai fara'a, Hausarsa irin ta 'yan kasuwar Wunti, mace da namiji duk "shi" ne. Wata Laraba da hantsi ya dawo shi kaɗai, sai muka ga ya ƙi sauka, yana ta kewaya. Ya faɗa ta rediyo cewa fitilar da ke nuna tayar gaba ta kullu ba ta kama ba. A irin haka, matuƙi yakan sauko ƙasa-ƙasa ya wuce ta kanmu, mu duba ƙarƙashin jirgin mu gaya masa. In tayar ba ta zauna ba, sai a kira motar kashe gobara, ya rage mai a sama, ya sauka a ciyawa da dabara.

Ya taho ta wajen Inkil, inuwarsa ta bi ta kanmu. Tayoyi uku a waje, amma ta gaban ta karkace baya, tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Wallahi na gani. Surukina kuwa yanar ido ta fara rufe masa gani, duk mun sani, ba mai faɗa. Ya kare rana da hannu, ya ce duk sun fito lafiya lau. Mutum biyar ne a wurin. Na buɗe baki, na tuna wanda zan ƙaryata a gaban jama'a, sai na yi gyaran murya. Gyaran murya fa kawai. Na tsaya ina fatan wani ya faɗa, har mai rediyo ya isar da saƙon.

Matuƙin ya juyo zai sauka. Tayoyin baya suka taɓa kwalta lafiya. Hancin ya sauko a hankali, tayar ta lanƙwashe, farfela ta daki ƙasa, jirgin ya ja da baki ya faɗa kwalbati. Ni na fara isa, ni na jawo matuƙin, ƙugunsa a karye.

Bai sake tuƙi ba. Bayan shekaru na gamu da shi a Kasuwar Muda Lawal, yana dogara sanda. Na so in ɓace, ya riga ya gan ni. Ya riƙe hannuna da murna, ya nuna ni ga matarsa.

"Wannan ne," ya ce. "Shi ya cece ni."

Ta durƙusa har ƙasa tana yi mini godiya. Na ce ba komai.